Filin Direba da Makanike: Idan Giya Ta Yi Tauri Bayan Gyara, Kada A Yi Gaggawar Fasa Inji

A wannan mako filinmu zai sauka daga manyan motoci ya koma ga babur, wato moto, abin hawan da ya zama jakin talaka kuma dokin ma'aikaci tun daga Yamai har Damagaram. Dalili kuwa wani al'amari ne da ya faru a gidanmu cikin garin Maraɗi, wanda saura kaɗan ya zama abin kuka, kuma na tabbata ƴan kabu-kabu da dama za su ga kansu a cikinsa.

Ina da ƙane, ɗan kawuna, wanda yake kabu-kabu da babur ɗan ƙasar Sin mai ƙarfin 125. Babur ɗin ba nasa ba ne. Kowane maraice sai ya kai wa mai shi kuɗin yini, abin da ya rage shi ne na cefanen gida. Ranakun kasuwa yakan bar gari ya shiga ƙauyuka, inda kwalta ta ƙare rairayi ya fara, ya ɗauko buhun gero ko na wake tare da mai buhun. Da ya ga babur yana nishi cikin yashi, sai abokan sana'a suka ba shi shawara ya ƙara masa ƙarfi. A rana ɗaya, cikin gareji ɗaya, aka cire masa babban faifai mai haƙora na ƙafar baya, wanda makanikanmu ke kira kuron, aka sa wanda ya fi shi girma. Aka sa sababbin faya-fayan kuloci da sifirin masu tauri. Aka mayar da tsohuwar sarƙa. Aka yi juyen mai. Ya biya, ya hau, ya tafi yana murna.

Kashegari giya ta yi tauri, giyar babur nake nufi ba ta kwalba ba. Sai ya taka feda da ƙarfi kafin ta shiga, in ta shiga kuma sai ta yi ƙara kamar an bugi ƙarfe da guduma. Firi, wato wurin da giya ke hutawa tsakanin ta ɗaya da ta biyu, ya ɓace masa sam muddin inji yana aiki. A wata mararraba kusa da babbar kasuwa ya kama kuloci har hannu ya taɓa kan babur, amma babur ya ci gaba da rarrafe da kaya a bayansa, har ya tunkuɗi kurar wani mai sayar da ruwa, wata yarinya mai talla ta yi tsalle ta tsira da ƙyar. Da ya koma garejin, sai aka ce masa akwatin giya ne ya lalace, sai an sauke inji an fasa shi, aikin kwana biyu ko uku. Da dare ya zo mini, ya ce: "Yaya, in aka fasa injin nan, da me zan biya mai babur, da me kuma zan ciyar da gida?"

Da safe na kai shi wurin wani dattijon makanike da ya fara sana'a tun zamanin mobilet. Bai taɓa sufana ba sai da ya yi tambaya ɗaya: "Yaro, kafin a yi masa wannan aiki, giya tana shiga lafiya?" Ƙanena ya ce: "Lafiya lau, Baba." Dattijo ya ce: "To, ciwon yana inda hannu ya taɓa. Ba wanda ya taɓa akwatin giya, me zai sa mu fara da shi?" Wannan magana ita ce ginshiƙin abin da nake so in bayyana yau.

Yadda ƙarfi yake tafiya daga inji zuwa ƙafa

Mu fara daidaita kalmomi. Abin da makanikan Yamai ke kira ambiriyaji, shi ne na Maraɗi da Ƙonni, saboda maƙwabtaka da Katsina da Sakkwato, suke ce wa kuloci. Bitesi kuma ita ce giya. Ƙarfin inji yana bin hanya guda: daga inji zuwa kuloci, daga kuloci zuwa akwatin giya, daga nan zuwa finyo, wato ƙaramin faifai mai haƙora na gaba, sa'an nan sarƙa ta kai shi ga kuron da ƙafar baya.

A yawancin baburanmu kuloci tarin faya-fayai ne da aka jera cikin wani kwando, ɗaya mai ɓawo irin na birki, ɗaya na ƙarfe zalla, a haka har su kai tara ko makamancin haka, suna wanka cikin baƙin mai, sifirin suna matse su wuri guda. Idan mahayi ya kama hannun kuloci, waya ta ja, matsi ya sassauta, faya-fayan su rabu. Amma duk rabuwar ba ta wuce milimita ɗaya ko biyu ba, kuma ita ce ake rabawa tsakaninsu duka. Ke nan abu kaɗan ya isa ya hana su rabuwa sosai.

A cikin akwatin giya kuwa, haƙoran faya-fayai kullum a haɗe suke. Abin da ke motsi idan aka taka feda wasu ƴan ƙahoni ne da ke fita daga ramukan faifai ɗaya su shiga na wani. Muddin akwai sauran ƙarfin inji bisa waɗannan ƙahoni, to a matse suke, ba za su zame cikin sauƙi ba, tamkar sakatar ƙofar da wani ya jingina da ita ta waje. Saboda haka taurin giya, sau da yawa, alama ce ta cewa wani abu a wajen akwatin bai saki ƙarfi ba.

Gwaji uku da ba su cin ko dala

Na farko: a kashe inji, a ɗora babur bisa ƙarfen tsayawa na tsakiya, a riƙa juya ƙafar baya da hannu gaba da baya ana taka giya ɗaya bayan ɗaya. Juya ƙafar wajibi ne, domin ƙahonin ba sa samun ramukansu sai faya-fayai suna motsi. Idan giya duka suka shiga sumul, firi ya samu ba wahala, to akwatin lafiyarsa ƙalau. Idan kuwa har a kashe tana da tauri, sai a dubi feda da sandar da take ɗaure a kanta.

Na biyu: a tayar da inji, a bar shi ya yi ɗumi, a kama kuloci gaba ɗaya, a sa giya ta ɗaya, ƙafar baya tana sama. Ba laifi ba ne ta ɗan juya a hankali saboda danƙon mai, amma taɓa birki kaɗan ya kamata ya tsayar da ita ba tare da muryar inji ta sauya ba. Idan tana gudu da ƙarfi, ko inji ya nemi mutuwa da aka taka birki, to kuloci ba ya rabuwa sosai.

Na uku: a sauke babur, mahayi da fasinja su zauna bisansa, wani ya taɓa sarƙa ta ƙasa da yatsa, inji a kashe. Idan ta miƙe kamar tsirkiyar baka, ba ta motsi sama ko ƙasa, to ga wani mai laifin. Wanda giyarsa ke shiga lafiya in shi kaɗai ne, amma ta yi tauri da ya ɗauki kaya, ya fara da wannan gwaji.

Wayar kuloci da wasanta

Hannun kuloci yana da ɗan wasa, wato tazarar da yake tafiya a banza kafin ya fara jan waya da gaske. A babura irin Honda CG 125 da ɗimbin waɗanda aka kwaikwaya daga injinsa, littafin masana'anta yana ba da milimita 10 zuwa 20, a auna daga ƙarshen hannun. Wanda ba shi da abin awo ya tuna cewa faɗin ƙwandalar dala ɗaya milimita 20 ne. Wasan kada ya wuce ta, kada kuma ya gaza rabinta.

Idan wasan ya yi yawa, rabin tafiyar hannu ta tafi a banza, faya-fayai ba su rabu ba: giya ta yi tauri, firi ya ɓace, babur ya yi ta rarrafe a mararraba. Idan wasan ya yi kaɗan ko babu shi sam, to kamar mahayi yana riƙe da kuloci ne kullum: faya-fayai su riƙa zamewa, inji ya yi ta kuka babur ba ya gudu, su yi zafi su ƙone. Wannan na biyun shi ne kuskuren wanda ya ji giya ta yi tauri sai ya ja waya har ƙarshe, garin gyaran gira ya rasa ido.

Wurin daidaitawa biyu ne. Na wajen inji shi ne na babban gyara, na wajen hannu kuma na ƙarami. A fara da mayar da na hannu ciki kusan duka, a daidaita na inji har wasan ya kusa daidai, a ɗaure notinsa, sa'an nan a ƙarasa da na hannu. Bayan haka a juya kan babur dama da hagu har ƙarshe. Idan wasan yana sauyawa, to waya ta bi muguwar hanya ko wani abu ya danne ta, abin da kan faru idan an sauya kan babur ko an cire tanki aka mayar. A ciro wayar a duba: in zarenta ya fara tsinkewa ko ƙurar hunturu ta cika bututunta, a sauya ko a wanke a ɗiga mata mai. Kuma duk wanda aka sa wa sababbin faya-fayai ya sake duba wasan bayan kwana biyu ko uku, domin sukan zauna, awo ya sauya.

Akwai wata tarko da makanikai matasa ke faɗawa. A wasu babura, abin da ke tura kuloci yana cikin murfin hagu, wato murfin da dole a cire kafin a kai ga finyo. Idan aka mayar da murfin ba a sake daidaita sukurun da ke jikinsa ba, ko aka bari ɗan ƙwallon ƙarfe da ke kan sandar turawa ya faɗi cikin yashin gareji, to komai jan waya kuloci ba zai rabu daidai ba. Mai babur sai ya yi mamakin yadda sauya finyo ya ɓata masa kuloci, alhali ga dalilin nan a fili.

Sarƙa, finyo da kuron

Sauya haƙora lissafi ne, kuma lissafin ba shi da wuya. A raba haƙoran kuron da na finyo. Babur ɗin ƙanena yana da 15 a gaba da 40 a baya, wato inji zai juya finyo sau 2.67 kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. Da aka sa kuron mai 45, lissafi ya koma 3. Ƙarfin ja ya ƙaru da kashi 12.5 cikin 100, gudu kuma ya ragu: inda a da yake yin kilomita 90 a awa, da wannan juyin inji ɗin yanzu 80 zai yi, kuma bisa doguwar kwalta zai fi shan mai. Ga mai shiga rairayi da kaya wannan ciniki ne mai kyau. Ga mai bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram hasara ce. Haka kuma rage haƙori ɗaya a finyo ya yi kusan daidai da ƙara uku a kuron.

Abin da aka manta a garejin farko shi ne babban kuron yana cin sarƙa. Sarƙa tana naɗe kusan rabin kuron, saboda haka ƙarin haƙora biyar yana bukatar ƙarin gaɓa biyu da rabi, kuma gaɓoɓin sarƙa bibbiyu ake ƙara su. Maimakon a sa doguwa, sai aka tura ƙafar baya gaba har ƙarshen raminta, aka cusa tsohuwar sarƙa da ƙarfi. To, ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya yana lilo sama da ƙasa, kuma yayin da nauyi ya danne shokazoba, tazara tsakanin finyo da kuron tana ƙaruwa. Sarƙar da ta yi daidai babur ba kowa, da an ɗora buhu sai ta miƙe ta riƙa jan sandar finyo, wadda ita ce sandar fita ta akwatin giya. Daga nan giya ta yi tauri, rulma, wato boris, ya fara ci, mai ya fara zuba ta bayan finyo, wata rana kuma sarƙa ta tsinke ana cikin gudu.

Yawancin baburan gari masu 125 suna son sarƙa ta yi lilo na milimita 20 zuwa 30 a tsakiyarta ta ƙasa. Ƙwandalar dala ashirin, mai faɗin milimita 26, ma'auni ce mai kyau. Baburan daji irin Yamaha DT 125, waɗanda malaman gona da na kiwon lafiya suka daɗe suna shiga ƙauyuka da su, suna son fiye da haka domin shokazobarsu doguwa ce. A juya ƙafa a nemi wurin da sarƙa ta fi tauri, a auna a nan, domin tsohuwar sarƙa ba ta cinyewa bai ɗaya. A tabbata alamomin da ke gefen dama da na hagu sun yi daidai don kada ƙafa ta karkace. A duba lambar sarƙa: 420 da 428 tsawon gaɓarsu ɗaya ne, milimita 12.7, amma faɗinsu ya bambanta, kuma haɗa su da haƙoran da ba nasu ba ɓarna ce. Finyo mai kafaɗa a gefe ɗaya, in aka juya shi baibai, sarƙa ba za ta tafi a miƙe ba. Ƴar makullin sarƙa kuma, rufaffen kanta shi ke fuskantar inda sarƙa ta nufa. Sa'an nan sabon kuron da tsohuwar sarƙa ba su daɗe tare. Mai so ya huta ya sauya ukun gaba ɗaya.

Feda, faya-fayai da baƙin mai

Sau da yawa kafin a cire murfin finyo sai an zare fedar giya daga sandarta mai ƙananan tsage-tsage. Idan yaron gareji ya mayar da ita ya kuskure tsaga ɗaya, sai ta yi ƙasa ta riƙa bugun matakin ƙafa ko murfin inji kafin ta ƙarasa tafiyarta, ko ta yi sama har ƙafar mahayi ta kasa kai ta ƙarshe. Giya ba ta shiga sai feda ta yi cikakkiyar tafiya, kuma ba ta karɓar ta gaba sai feda ta komo mazauninta. Maganin wannan ɗigon fenti ne ko zanen ƙusa bisa sanda da feda kafin a cire. A kuma ɗaure ƙusarta tam, domin sako-sako yana cinye tsagar. Babur ɗin da ya taɓa faɗuwa ta gefen hagu, a duba ko sandar ta lanƙwashe.

Idan waya da sarƙa da feda duk sun daidaita amma gwaji na biyu bai gyaru ba, sai a buɗe murfin kuloci, wanda aikin awa ɗaya ne ba tare da an sauke inji ba. Sababbin faya-fayai masu ɓawo ana jiƙa su cikin baƙin mai kafin a jera. Busassu sukan manne. A gwada kaurinsu da na asali, domin faifan da ya fi kauri da ɗan kaɗan, in aka tara biyar, ya cinye rabuwar duka. Na ƙarfe a ɗora su ɗaya ɗaya bisa gilashi: wanda ya yi rawa ko ya yi shuɗi saboda zafi, ya lanƙwashe, a jefar. A shafa yatsun kwando: idan sun yi tsaga kamar haƙoran zarto, faya-fayai suna maƙalewa a ciki. Ƙusoshin sifirin kuma a ɗaure su kaɗan kaɗan, wannan da na daura da shi, don matsi ya zama ɗaya.

Game da sifirin masu tauri, da dabarar nan ta cusa musu wasa a ƙarƙashi don su ƙara matsi, sai a yi hattara. Suna hana zamewa, gaskiya ne, amma suna gajiyar da hannu, suna miƙar da waya, kuma sifirin da aka cika wa wasa yakan haɗe kafin kuloci ya gama buɗewa. Mai kabu-kabu yana kama kuloci tun safe har dare. Hannun da ya gaji ba ya kai shi ƙarshe, giya kuma ita ke biyan bashin.

Batun kayan gyara yana da tarihi. Tun da aka karya darajar kuɗin Sefa a ranar 12 ga Janairu 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga Sefa 50 zuwa 100, kayan asali suka fi ƙarfin aljihun mutane da yawa, kasuwa ta koma ga masu kama da su. Daga shekarun 2000 kuma baburan Sin da na Indiya suka cika garuruwanmu, da yawa cikin na Sin ɗin bisa tsarin injin CG, wanda Honda ta fitar a 1975 musamman domin ƙasashe masu tasowa. Kayansu suna kama da juna ƙwarai a ido, amma kama da wane ba ta wane. Mai zuwa sayen kaya ya tafi da tsohon a hannu, ya ɗora bisa sabon ya gani.

Baƙin mai shi ma yana da ta cewa, domin a baburan nan mai guda ne ke shayar da inji da akwatin giya da kuloci. Mai kauri irin na manyan motoci, da sanyin safiyar Disamba da Janairu, yakan manne faya-fayai har sai inji ya yi zafi. Wanda giyarsa ke tauri da asuba ta saki da hantsi ya tuhumi mai. Wasu mayukan ƙananan motoci na zamani kuma an zuba musu sinadarin ƙara santsi, wanda yake sa kuloci zamewa. Saboda haka ne a 1998 masana'antun Japan suka kafa ma'aunin da ake rubutawa JASO MA a jikin galan, aka ƙara MA2 a 2006. Wannan alama ita ce shaidar man ya dace da kuloci mai wanka cikin mai. Injin irin na CG kusan lita ɗaya yake sha. Cika shi fiye da alama ba ƙarin lafiya ba ne. A kuma lura da muryar inji a tsaye: in an ɗaga ta ta wuce kimanin juyi 1,400 a minti, giya ta ɗaya za ta riƙa shiga da duka.

Masu babur marar hannun kuloci

Ƴan uwanmu mata da malaman makaranta da yawa suna hawan ƙananan baburan nan da ba su da hannun kuloci, zuriyar Super Cub da Honda ta fitar a 1958. Kada su ɗauka maganar ba ta shafe su ba. Kuloci yana nan, feda ce ke buɗe shi a lokacin da ake taka ta, kuma yana da sukurun daidaitawa da noti a jikin murfin dama. A injin irin na Honda, inji a kashe, ana sassauta noti, a juya sukuru zagaye ɗaya yadda hannun agogo ke tafiya, a komo da shi baya a hankali har a ji ya fara turjiya, sa'an nan a sake mayar da shi gaba kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a riƙe shi a ɗaure noti. Wasu masana'antu tsarinsu ya bambanta, saboda haka a bi littafin babur ɗin.

Yaushe ne fasa inji ya wajaba?

Ba na cewa akwatin giya ba ya lalacewa. Idan giya tana fita da kanta ana cikin tafiya, ko wata giya guda ta ƙi shiga ko da inji a kashe ana juya ƙafa, ko aka ga ɓarɓashin ƙarfe cikin man da aka juye, to ciwon ya shiga ciki. Ko a nan ma, ƴar tauraruwar da feda ke juyawa da sifirin da ke riƙe ta, a injin irin na CG, suna ƙarƙashin murfin kuloci, ana ganinsu ba tare da an raba inji biyu ba. Abin baƙin ciki shi ne sau da yawa mahayi ne da kansa yake kai ciwon ciki: mako biyu yana dukan feda da diddige saboda wayar da gyaranta minti biyar ne, har cokulan da ke tura faya-fayan giya su lanƙwashe. A lokacin maganar makanike ta zama gaskiya, kuɗi kuma su fita.

A babur ɗin ƙanena dattijo ya sami abu uku: wasan hannun kuloci ya kai faɗin yatsa uku, feda ta sauka da tsaga ɗaya tana taɓa mataki, sarƙa kuma a miƙe take tun kafin a ɗora kaya. Ya daidaita waya, ya mayar da feda mazauninta, ya aike mu muka sayo sabuwar sarƙa mai ƙarin gaɓa biyu da sabon finyo, ya cire sifirin masu tauri ya mayar da irin na asali. Kafin azahar yaro ya koma bakin aiki, kuma a ranar ya kai wa mai babur kuɗinsa cif. Da zai tafi dattijo ya ce masa: "Gobe in za ka sauya abu, sauya ɗaya, ka hau kwana biyu, sa'an nan ka sauya na biyu. In ka sauya huɗu rana ɗaya, wa za ka kama?"

Ina roƙon masu gareji su koya wa yaransu sa alama kafin cirewa, da gwada babur da kaya a bisansa kafin su miƙa makulli. Masu ba da babur haya kuma su yafe wa mahayi rabin yini idan ya ce giya ta yi tauri, domin rabin yini ya fi kwana uku sauƙi, kuma babur ɗin nasu ne. Shi kuwa mahayi, ranar da ya kama kuloci ya ji babur yana ci gaba da tafiya, ya sauke fasinja ya nufi gareji, domin yarinyar da ta yi tsalle a mararrabar kasuwa ba kullum za ta sami wurin tsalle ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba birkin baya da illar ɗora wa babur kayan da suka fi ƙarfinsa. Masu tambaya su aiko da wasiƙunsu ta ofishin jarida kamar yadda aka saba. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.